Ka Tambayi Mastura

Ya Abdulelah, sanyin idona, iskar bakin tekun Abhur bayan la'asar, inuwata a garin da rana ba ta san kara ba, ina gaishe ka gaisuwar wadda ta fara ɗaure kaya.

Ka tuna ranar da na ja ka unguwar Balad kallon tsofaffin finafinan barkwanci na Girka, saboda kundin digirina? Baƙi da fari ne, fassarar Larabci na gudu a ƙasa kamar jerin tururuwa. Don ni ka zo, amma dariya ce ta zaunar da kai. Akwai wani mai kanti, mai gashin baki, da ya rantse ba zai yi aure ba sai ya aurar da 'yan'uwansa mata. Budurwarsa na bakin taga, furfura na cin kanta a hankali. Ka yi dariya har shayinka ya zube, ka ce ba ka taɓa ganin wawa irinsa ba.

Ni kuwa ina lura da abin da aka tura ni jami'a in lura da shi. Maza na ihu a gidan gahawa, mata na ƙulla komai a bayan ƙofa, a ƙarshe a bar namiji ya ce shi ya yanke. Kuma a waɗanda na kalla, in mai launinmu ta fito, to tire ne a hannunta. Ta ajiye, ta fita. Kyamara ba ta taɓa bin ta ta ga inda take zuwa ba.

To ga shi, hasken raina, kai ma ka tsirar da gashin bakin. Ka ce ba za ka turo manyanka ba sai yayarka Mastura ta yi aure, kada mutanen unguwar Madain Fahd su ce ƙane ya tsallake ta. Halin kirki ne, ban musa ba. Amma kafilin Baba, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, ya rufe shago, iƙamarmu, takardar izinin zama, za ta ƙare bayan Hajji, za mu koma Damagaram, garin da a bakin Inna kaɗai na san shi. A nan aka yanke cibiyata, takarda kuwa ta ce baƙuwa ce ni, kuma aure ne kawai zai mayar da sunana kan taka takardar. Ni ce ta bakin taga, ni ce mai tire. In na fita, wa zai bi ni? Wace teku ce za ta kawo min ƙamshinka a can?

Shi ya sa na je shagon ɗinkin Mastura a Ammariyya. Ta cire allura daga bakinta, ta dube ni, ta ce ita ba ta ce kowa ya jira ta ba. Manema sun zo, da kanta ta sallame su. Shekara da shekaru kana sadaukar da kanka dominta, ba ka taɓa tambayarta ko tana so ba. Ta yi dariya, sai kuma hawaye. Daga nan ta ce mu haɗa baki mu yi maka dabara, ka ɗauka tunaninka ne. Na ƙi. Babi guda na rubuta a kan wannan dabarar, ba zan yi wa wanda nake so ita ba. Ga gaskiyar nan tsirara a hannunka.

Ina roƙonka, ya ruwan da nake sha ƙishi na ƙaruwa, ka je ka tambaye ta, ka kuma zauna har ta gama amsawa.

Finafinan nan da biki suke ƙarewa, kowa ya dafa kafaɗar ɗan'uwansa ana rawa. Namu ba shi da wanda zai tilasta masa wannan ƙarshen. In ka zo kafin Hajji, halas, magana ta ƙare, zan kwance kayana. In ba ka zo ba, ba za ka ji mugun baki daga gare ni ba. Inna ta ce ɗakin kakata yana da taga guda, gabas take kallo. Duk sanda na fuskanci alƙibla, kai ma kana ta wajen.

Taka, a nan ko a can, har numfashi ya ƙare,
Tahani