An Gajarce wa Mai Tumbi Hannu

Litinin, 3 ga Maris

Yau ana makoki a gidan nan. Ba wanda ya mutu. Masu gem ɗin damben da Baban yara ke bugawa a talabijin ne suka sabunta shi, suka gajarce wa gwaninsa hannu, wani ƙaton banza da yake kira Mai Tumbi. Da, wai daga nesa yake cafko mutum ya maka da ƙasa. Yanzu in ya miƙa hannu iska yake kamawa. Magidanci da furfura a gemu ya ƙi cin abinci saboda ɗan tsana. Allah ya kyauta.

Laraba, 5 ga Maris

"Sun kashe min shi, Maman yara." Na ce to a kawo likkafani.

Lahadi, 9 ga Maris

Abokansa sun cika min falo. Kowa ya zo sai ya lallasa shi, har mai gyaran fanka, wanda da ko zama kusa ba ya yi. Yatsansa ya ƙi mantuwa: da an fara sai ya danna tsohuwar cafka, ya sha naushi, ya sake dannawa. Ko akuya in ta sha duka a ƙofa ɗaya tana sauya hanya.

Cikin fushi ya rantse a gabansu: in aka cinye shi a gasarsu ta ranar Asabar, ƙanensa ya zo ya kwashe na'urar gem ɗin. Alhamdu lillahi! Tun yaushe nake roƙon wannan kusurwar ta jikin taga da na'urar ta tare in sa keken ɗinkina, ina ɗinki a uwar ɗaka kamar ɓarauniya. Har na auna wurin da tef.

Talata, 11 ga Maris

Mai kawo min ɗinkin leshi ta ce tana tafe, ta shanya ni. Ina goge ƙura na ɗauki hannun gem ɗin, abin dannawar nan, don kawai in ga abin da ke haukata manya. Shirme. Wake ya kusa ƙonewa.

Alhamis, 13 ga Maris

Makafi ne dukansu, wallahi. An karɓe wa Mai Tumbi hannu an ba shi gwiwa, ba wanda ya lura. Ka bar abokin faɗa ya taho da zafinsa, ka ja baya taku ɗaya, da ya wuce ka sakar masa gwiwar a ciki. Shi ke nan fa. Wanda ya taɓa bin layin alli da almakashi ya san ba a yanka sai yadi ya kwanta.

Na ɗan tsunguma wa Baban yara. Ko waiwayowa bai yi ba. "Ke da zare da allura, ina ruwan biri da gada?" To, madalla. Bakina alekum.

Asabar, 15 ga Maris

An cinye shi tun zagayen farko. Ina daga bakin kicin ina kallo, sau nawa gwiwar nan tana roƙonsa, shi yana ta miƙa hannu kamar mai tsinkar mangwaro. Sai da na ciji leɓe. Ba tausayinsa na ji ba, Mai Tumbi ne ya ban tausayi, a ce dukiya irin wannan a hannun wanda bai san ta ba.

Ya tashi ya shige ɗaki, ko sallamar baƙinsa bai yi ba.

Litinin, 17 ga Maris

Ƙanensa ya zo da hantsi, da kwalinsa, yana washe baki. "Matar Yaya, na zo raba ki da ƙaya." Wai ma ba zai riƙa ɗaukar Mai Tumbi ba, ai ya zama gawa.

Ban san lokacin da na buɗe baki ba, na ce masa, "Zauna, ɗan nema, ka gwada gawar. In ka ci ni ka ɗauka."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya zaɓo wani siriri mai tsalle-tsalle kamar fara. Ni na ɗauki Mai Tumbi, na lallasa shi sau uku. Na ƙarshe ko taɓa ni bai yi ba. Ya ce hannun da na ba shi ne ya lalace, muka yi musaya, na ƙara masa ɗaya na hanya.

Ya tafi da kwalinsa yadda ya zo da shi. Ya roƙe ni kada in faɗa wa kowa, ni ma na roƙe shi.

Keken yana nan a uwar ɗaka. Da na sake dubawa, rana tana yi wa kusurwar nan yawa, za ta iya cinye min launin yadi. Abin da zan ce wa Baban yara ke nan in ya dawo.