Na Ga Tafkin da Kake Gani

Daura, ranar Litinin.

Aminci ya tabbata a gare ka, ya sanyin idona, inuwar gawona a tsakiyar rani, ƙamshin ƙasa ranar da ruwan farko ya sauka, kai da zuciyata ta zaɓa tun kafin bakina ya sani. Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta yi laifi, ta kuma san ta yi. Yaya jiki? Yaya zuciya? Zuciyar na fi tambaya, domin ita na ji wa ciwo.

Sau huɗu ina ciro takarda daga tsakiyar tsohon littafina na makaranta, in fara, in yage. Wannan ce ta biyar, na kuma yi alkawari ko ta cika da gyara ba zan yage ta ba. Ka san ni ba gwanar magana ba ce. Shekara ɗaya da rabi kana zuwa zance zauren gidanmu, ba na jin abin da na furta maka duka ya cika shafi guda. Kai kana magana, ni ina murza bakin hijabi ina kallon tabarma. Kakan ce shiruna ya fi maka zancen wasu daɗi. Wayyo, da mun san abin da shirun nan zai jawo mana!

Ka tuna la'asar ɗin nan bayan ƙaramar salla, da ka faɗa mini abin da ba ka faɗa wa kowa ba sai Innarka? Ka ce tun ranar da mota ta buge ku kuna kan babur a hanyar Mai'Adua, ɗan'uwanka Yaya Dabo ya cika a kan cinyarka, ba ka sake komawa daidai ba. Da ka ji ƙarar birki sai gumi ya karyo maka, ƙirjinka ya dinga bugawa kamar ana daka a ciki. Babur ɗinka ya yi wata bakwai a jingine da bango. Sannan ka ba ni labarin ɗakin nan na asibiti da kake zuwa duk Alhamis, da Malama Murjanatu mai kula da ku, da wani tabarau mai kauri da take ɗaura maka a kai ya rufe ido ruf. Ka ce da ta kunna shi sai ɗakin ya ɓace, ka tsinci kanka a bakin wani tafki, wata murya tana koya maka jan numfashi da sakinsa, da yadda za ka bar tunani ya zo ya wuce ba tare da ka bi shi ba. Har ka gwada mini: a ja ana ƙirga huɗu, a riƙe, a saki a hankali. Na gwada, na ɓata ƙirgan, dariya ta ƙwace mini a cikin hijabi. Kai ma ka yi dariya, irin wadda rabona da jin ta tun Yaya Dabo yana raye. Kuma ranar a kan babur ka zo. Na ji ƙararsa tun daga kwanar masallaci, na rasa inda zan sa kaina don murna. Shin akwai yammacin da ya kai wannan kyau? Gero ya fara fitar da kai a gonakin bayan gari, ni kuma ina jin kamar a ƙirjina yake fitowa.

Amanar da ka ba ni ke nan, ga kuma yadda na riƙe ta.

Da manyanka suka kawo gaisuwa, Baba ya ɗora wa wansa, Baffa Ɗantsoho, aikin bincike kamar yadda aka saba. Wani ya tsegunta wa Baffa cewa ya hango ka ta tagar asibiti, an rufe maka fuska, kana miƙa hannu kana shafar iska, hawaye yana bin kumatunka. Baffa ya sa aka kira ni ɗakin Baba. Na durƙusa a bakin ƙofa. Ya ce, “Siddiƙa, gaskiya ne yaron nan yana da taɓin hankali, ke kuma kin sani?”

Na san amsar, ya abin ƙaunata! Tana nan a kan harshena, cikakkiya, kamar amsar jarrabawar da na yi wa bita sau goma. Amma shekara goma sha tara ana koya mini cewa 'ya mace ba ta kare saurayi a gaban iyaye, ko sunansa ba ta kamawa. Na sunkuyar da kai. Harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. A gidanmu kuwa, shirun budurwa amincewa ne. Da wannan shirun suka gane ina son ka ranar da aka tambaye ni, aka yi ta murmushi. Da shi kuma Baffa ya ji amsar tambayarsa. Ya kaɗa kai, ya ce in tashi in tafi. Kashegari aka aika gidanku cewa a dakata.

Ba na ganin laifin Baffa. Tsoro ya ji mini, bai kuma taɓa ganin abin ba. Ni da na sani, ni da aka zaunar aka yi wa bayani dalla-dalla, ni ce na bar ka kai kaɗai. Wace irin kunya ce wannan da ta kare fuskata ta tona taka? Me ta amfana mini? An ce ina da tarbiyya, kai kuma an ce ba ka da hankali!

Rashin zuwanka zaure na iya daurewa, domin na cancanta. Abin da na kasa daurewa shi ne labarin da Goggo, ƙanwar Baba, ta samo wajen Innarka: Alhamis shida ba ka leƙa asibiti ba, ka ce ba ka ƙara sa abin da ya mai da kai abin nuni a gari, babur kuma ya koma jikin bango. Tun da na ji haka abinci ya daina mini ɗanɗano. Shukar da ta fara tsiro, ni na taka ta, ban ma ɗaga ƙafa da niyya ba.

Na roƙi Goggo ta raka ni asibitin, muka je ranar Asabar. Malama Murjanatu ba ta ce mini komai a kanka ba. Ta ce sirrin mai jinya amana ne, maganar ta soke ni, don ita ta san riƙon abin da ni na kasa. Amma ta yarda in gwada tabaran. Ta goge shi, ta ɗaura mini a kan hijabi, yana da ɗan nauyi a karan hanci.

Na ga tafkinka, ya hasken raina. Na gan shi! Ruwa kwance luf, bado ya buɗe fari a kansa, balbela biyu suna takawa a gefe, ciyawa tana rausaya. Na waiga baya ina tsammanin bango, sai na ga itatuwa har iyakar gani. Muryar ta ce in ja numfashi, in lura da shigarsa, in lura da fitarsa. Ta ce idan tunani ya zo kada in kore shi, kada in bi shi, in dube shi kawai. Tunanin da ya zo mini kai ne, zaune a nan kai kaɗai kana koyon zama da rashin Yaya Dabo. Ruwan ya matso har kusa da ƙafata, ban san lokacin da na miƙa hannu zan taɓa shi ba. Sai na ji Goggo tana dariya tana tambayata me nake kamawa a iska. Da aka cire mini tabaran, soson da ke jikinsa ya jiƙe da hawaye. To, in wannan ne haukan da aka hango ta taga, ni ma ina da shi, Goggo ce shaida.

Malama ta yi mana bayani cewa ba tsafi ba ne, ba ya kuma maye gurbin addu'a. Ta ce wurin koyon natsuwa ne kawai, mutum ya koya a ciki, ya fito da ita waje inda ake taka birki. Ta ƙara da cewa duk wanda ya daina zuwa, ba ta ba wa wani lokacinsa, tana ajiye masa.

Jiya bayan azahar na shiga wajen Baba ba tare da an kira ni ba, abin da ban taɓa yi ba. Ƙirjina yana bugawa. Na ja numfashi na ƙirga huɗu, na riƙe, na saki a hankali, yadda ka koya mini. Wannan karon ban ɓata ƙirgan ba. Na ce, “Baba, Abdulbaƙi ba mahaukaci ba ne. Rashin ɗan'uwa ne ya kwantar da shi, ya tashi neman magani. Na sani tun ranar da Baffa ya tambaye ni, kunya ta hana ni faɗa.” Ka ga, na kama sunanka a gaban mahaifina, ƙasa kuma ba ta tsage ba. Baba ya saurare ni har ƙarshe. Bai ce ya janye dakatarwar ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Cewa ya yi shi da Baffa za su je su ga abin da idonsu, su ji ta bakin Malama.

Ban san abin da za su yanke ba. Ban kuma rubuto don in kira ka zaure ba, ba ni da bakin wannan roƙon. Abu ɗaya nake nema: ka koma wa Alhamis ɗinka. Kada ka hukunta zuciyarka a kan laifin bakina. Ka koma bakin tafkin, ka miƙa hannu, ka yi kukanka, duk mai leƙe ya leƙa. Ko ba ka sake waiwayata ba, in dai na ji an ce an gan ka a kan babur a hanyar Zango iska tana kaɗa rigarka, wallahi ya ishe ni in yi sujadar godiya.

Ni kam ina nan inda ka bar ni, ba kuma wanda zai ji amincewata, a shiru ko a bayyane, in ba kai ba. Duk Alhamis bayan la'asar zan share zaure in shimfiɗa tabarma, kunnena yana kwanar masallaci. In ka zo a ƙafa, marhabin. In ba ka zo ba don kana asibiti, wannan ya fi mini daɗi.

Taka har ƙarshen numfashi, wadda ta koyi buɗe baki a makare,

Siddiƙa.