Majaujawa a Ɗakin Baƙinmu

Asabar, 1 ga Nuwamba, 2014

Jimeta ta cika maƙil. Tun ranar Laraba da Mubi ta faɗa hannun mutanen nan ake ta shigowa, wasu a mota, wasu a ƙafa. A makarantar da nake koyarwa mun fitar da bencina mun shimfiɗa tabarmi. Na dawo gida Rumde a gajiye, sai ga takalman da ban sani ba a ƙofar ɗakin baƙi. Mijina Bobboyi ya tare ni a tsakar gida yana sosa ƙeya. Wai a tasha ya gan shi zaune a ƙasa. Na ce wa? Ya ce Othniel.

Duk mutanen da suka gudo, dubbai, shi kaɗai idonsa ya gani.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Bari in rubuta ko zuciyata ta yi sanyi.

Yaran yanzu ba su san besbol ba. Wani Bature ne ya kawo wasan makarantarsu Bobboyi. Mutum ɗaya ya jefo ƙwallo, ƙarama mai tauri kamar dutse, wani ya doke ta da sanda ya ruga. Ya yi tashe a garin nan na ɗan lokaci, har jiha ta kafa ƙungiya. Othniel ne mai jifa. Majaujawa ake ce masa. In ya saki ƙwallo ba ka ganinta, sai dai ka ji ƙararta a hannun mai cafkewa. Bobboyi kuma a wajen duka ba na biyunsa.

Ana saura wata guda aurenmu, a 1993, ƙungiyoyinsu suka haɗu. Ina wurin, ina zaune da ƙawayena ina ta yanga. Sau biyu Bobboyi na tura ƙwallon Othniel bayan katanga, fili ya ɗauki ihu. A na uku ƙwallon ta same shi a kunnen hagu. Ya faɗi kamar an sare bishiya. Kunnen bai ƙara ji ba. Jiri ya hana shi wasa har abada, ya ƙare a ofis yana buga hatimi. Othniel bai je asibiti ba. Bai zo biki ba. Ko saƙon gaisuwa.

Yau shi na dafa wa shinkafa.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Ya rame, furfura ta cika masa kai, amma halin na nan. Na aika masa tuwo da miyar kuka, ya aiko a gaya mini gishiri ya yi yawa. Na ce wa 'yata Yusrah ta gaya masa akwai layin abinci a sansanin 'yan gudun hijira.

Ba ta gaya masa ba, na sani.

Bobboyi ya ce a hanya suka rabu da matarsa Debbie. An yi harbi, kowa ya watse cikin dawa, shi ya yi kudu, ita ba wanda ya san inda ta yi. Kullum da safe sai ya fita ya zaga coci-coci da makarantu yana duba fuskoki. Ba ya tambayar kowa. Wai shi ba ya roƙo. Tsayawa kawai yake yana kallo.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Labari ya bazu cewa Majaujawa na gidanmu. Yanzu kullum bayan la'asar tsofaffin 'yan kallo sukan taru a gindin darbejiyar ƙofar gida. Ni ce da dafa shayi. Ta tagar kicin nake jin su.

Fredrick, wanda ya yi ritaya daga gidan ruwa, shi ne mai yabon. Wai a gasar jihohi ya ga Othniel ya fitar da masu duka a jere ba wanda ya ko taɓa ƙwallon. Wai da a wata ƙasa aka haife shi da yanzu ana sayar da riga mai sunansa. Malam Mika'ilu tela ya ce hannu dai akwai, ba musu, amma mutum ne da bai taɓa ɗaga wa 'yan kallo hannu ba. Yaro ya kawo masa ƙwallo don ya sa masa hannu, ya kore shi. "Kuma ga abin da ya yi wa mai gidan nan." Fredrick ya ce wasa ne. Mika'ilu ya ce mutumin da ke iya jifan kwalba daga can ƙarshen fili, shi ne zai kuskure ya samu kunne?

Na ji daɗin Mika'ilu. Na ƙara masa madara.

Shi gogan yana ɗaki, yana jin komai. Bai fito ba.

Talata, 2 ga Disamba

Na tambayi Bobboyi, kai ba ka jin komai in ka gan shi? Ya juyo mini da kunnen dama, ya ce, "Fadi, ni fa na tsaya a gabansa. Ku kallo kuka yi. Ban taɓa jin ina raye ba kamar lokacin da yake shirin jefo mini." Na ce to ka gode masa mana. Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Alhamis, 25 ga Disamba

Kirsimeti. An ce sojoji sun karɓe Mubi, wasu har sun fara komawa. Shi ya ce ba inda za shi sai da Debbie. Bobboyi ya yanka kaza. Othniel ya ci kaɗan ya ture.

Talata, 13 ga Janairu, 2015

Wata mata ta zo, 'yar cocinsu, ta dawo daga Kamaru. Tare suka hau duwatsu da Debbie. Ciwon suga gare ta, ba magani, ba ruwa. A gindin wani dutse ta zauna ta ce su je za ta biyo su. Da suka komo ta riga ta cika. Suka tara duwatsu a kanta.

Ina tsaye a bakin ƙofa. Na zaci Othniel zai yi kuka. Ya tambayi matar ko sun rufe mata fuska. Ta ce sun rufe da ɗankwalinta. Ya ce to. Ya tashi ya raka ta har titi, ya dawo ya rufe ƙofa.

Da yamma 'yan majalisa suka shiga yi masa gaisuwa, ya ce musu yana hutawa. Mika'ilu ya fito yana cewa kun gani ko, ko hawaye babu, zuciyar dutse. Wannan karon ban ji daɗinsa ba. Ban san dalili ba. Wataƙila gajiya ce.

Asabar, 24 ga Janairu

Othniel ya faɗi a banɗaki da safe. Likita ya ce hawan jini ne, ɓarin dama ya shanye. Hannun daman.

Talata, 10 ga Fabrairu

Mun dawo da shi gida. Bobboyi ke yi masa wanka kafin ya tafi ofis. Da rana ba kowa sai ni, in na taso daga makaranta. Ina ba shi kunu da cokali, rabi na zubewa a gefen baki. Ya tsani hakan. Idonsa kamar zai cinye ni. Jiya ya buge kofin da hannun hagu, kunu ya ɓata mini zani. Na ce, Malam Othniel, ni ba 'yar aikinka ba ce, kuma ba don kai nake yi ba. Ya daɗe yana kokawa da harshensa, sannan ya ce, "Na sani, Madam."

Hannun na kwance a kan cinyarsa kamar ba nasa ba. Wani lokaci sai in gan shi ya ɗauke shi da na hagu, yana jera yatsun, biyu a sama, babban a ƙasa, kamar mai riƙe ƙwallo. Da ya saki sai su watse.

An samu lambar ɗansa Endurance a Fatakwal. Ya ce aiki ya riƙe shi. Bobboyi ya ce sun daɗe ba sa magana.

Alhamis, 5 ga Maris

Zafi ya shigo da ƙarfi, ga ba wuta. Ina yi masa fifita, kawai na ji bakina ya tambaya. Na ce ranar nan, da gangan ka yi?

Maganar ta fito a gutsure, sai da na matsa kusa.

"Gumi. Ƙwallon ya zame."

Na ce to me ya hana ka faɗa? Shekara ashirin ana ce maka mugu.

"Gara mugu. Da a ce hannuna ya yi kuskure."

Na ce asibitin fa?

"Na je. Na tsaya a get. Na koma."

Na ajiye maficin na fita. Na tsaya a kicin. Ban san abin da na so in ji ba. Da ya ce da gangan ne, da na san inda zan ajiye shi. Wannan kuma fa? Mutum ya zaɓi a tsane shi tsawon rayuwa don kar a ce gumi ya ci shi. Wauta. Wauta ce tsagwaronta. Kuma ga shi kwance, ba mata, ba gida, ba hannun.

Na gaya wa Bobboyi da ya dawo. Ya ce ai ya sani tun ranar. Wai ya ga fuskarsa kafin ƙwallon ta iso.

Asabar, 14 ga Maris

Ya rasu da hantsi. Ni ce a ɗakin.

Lahadi, 22 ga Maris

Jiya muka kai shi ƙauyensu bayan Numan. Karon farko da na zauna a cikin coci. Mutane ba yawa. Fredrick ya kawo wata tsohuwar rigar ƙungiya da ta koɗe ya shimfiɗa kan akwatin. Da aka ce wani abokinsa ya yi magana, Bobboyi ya tashi, ya ce shi dai bai taɓa tsayawa gaban wanda ya fi Othniel ba. Ya zauna.

Yau majalisa ta dawo kan batun. Fredrick na so a roƙi a sa wa tsohon filin sunansa. Mika'ilu ya ce a sa sunan mutumin da ya kurmantar da abokinsa? Suka yi ta yi. Da na fito da shayi Mika'ilu ya ce, "Malama Fadimatu, ke ce shaida, ke kika fi kowa shan wahalarsa. Faɗa musu." Duk suka zuba mini ido.

Kalma biyu ce, da na faɗa da gardamar ta mutu. Amma shi bai so a sani ba. Na ce shayinku zai huce. Na koma ciki.

Juma'a, 3 ga Afrilu

Endurance ya zo kwasar kayan babansa. Bai samu jana'iza ba. Kayan ma nawa ne, leda ɗaya. Dogo ne, kafaɗun uban sak. Ya zauna a bakin tabarma yana juya waya a hannu. Ya ce shi abin da ya sani, mutum ne da bai taɓa ce masa ya yi ƙoƙari ba. Ya ce a tasha ma wani ya gaya masa babansa gwani ne amma ba shi da kirki. Sai ya ɗago ya ce, "Mama, ke kin zauna da shi a ƙarshe. Haka ne?"

Na buɗe baki in ce haka ne.

Sai na ji kaina ina ba shi labarin yadda yake fita kowace safiya neman mamarsa, takalmi ya tsinke ya ɗaure da waya ya ci gaba. Da yadda ya tambaya ko an rufe mata fuska. Na ce masa babanka mutum ne mai wuyar zama, ba zan yi maka ƙarya ba, amma ba abin da suke faɗa ba ne. Yaron ya kifa kai a gwiwa. Na bar shi ya yi mai isarsa.

Da zai tafi na ce duk lokacin da ya shigo Yola nan ne gidansu, kar in ji ya sauka a otal. Yusrah ta bi ni da kallo. Na ce mata miye? Je ki duba tukunya.

Ladabi ne kawai. Kowa ma haka zai ce.

Na karɓi lambarsa.