Gwiwar Emmet

Troy, 9 ga Disamba, 1905

Yaya Delia,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da Baba kuna lafiya. Na iso, har na buga wasa huɗu. A nan ma cikin kejin waya muke ƙwallon kwando, kada 'yan kallo su faɗo mana. Jiya wani ƙato ya manna ni da wayar, bayana duk zane. Na ce, "Malam, ƙwallon kake nema ko fatata?" Ya ce, "Duka biyu, ɗan tukwane!" Ya san daga masana'antar tangaran na fito. Amma sau shida na jefa a kwando. Ki gaya wa Baba ban bar aikin masana'antar don raini ba.

Ƙaninki, Emmet

Trenton, 17 ga Disamba, 1905

Emmet,

Muna lafiya. Na karanta wa Baba wasiƙarka. Ya ce, "Ɗan mutum a keji kamar kaza?" Sai ya ci gaba da shan miyarsa. Da ya gama ya ce, "Sau nawa ya ce ya jefa?" Ka riƙa shafa mai a bayan nan, sarkin taurin kai.

Yayarka, Delia

Troy, 2 ga Maris, 1913

Yaya Delia,

Bayan gaisuwa, akwai maganar da na daɗe ina ɓoyewa. Shekara bakwai ina wasa, gari ya san sunana, shi ya sa na kasa faɗa. Tun Oktoba gwiwata ta lalace. Na yi tsalle na sauko, na ji ƙas. Likita ya ce ni da gudu har abada, ƙungiya kuma ta sallame ni. Duk wasannin da na ba ku labari a hunturun nan daga kujera na kalle su, da sanda a hannu. Yanzu shara nake yi a zauren wasan. Da wane ido zan kalli Baba? Kada ki karanta masa wannan.

Naki, Emmet

Trenton, 6 ga Maris, 1913

Emmet,

Gaisuwa. Tun Nuwamba muka sani, abokin wasanka Otis ya rubuto mana. Baba ne ya hana ni magana, ya ce, "Bar shi ya faɗa da bakinsa." Tun lokacin ya share ɗakin ƙasa, ya sauko da gadonka, kada ka sha wahalar hawa bene. Ka biyo jirgin ƙasa na ranar Asabar, yana isowa ƙarfe huɗu. Baba zai zo tasha da kansa.

Yayarka, Delia