Yaren da Baba ya farka da shi

Litinin, 7 ga Yuli
An sallamo Baba daga asibiti. Ɓarin dama ya shanye, magana ta ɗauke. Ni ke ba shi kunu.

Laraba, 9 ga Yuli
Da hantsi ina shara na ji murya a ɗakinsa. Baba ne, ido a rufe, yana rera wani abu, ba Hausa ba, ba Larabci ba. Mutumin da ko "ruwa" ba ya iya cewa! Na ruga na kira Yaya Zakiyyu. Ya saurara, ya ja da baya, ya ce iska ce.

Juma'a, 11 ga Yuli
An yi tofi, an yi hayaƙi. Bai daina ba. Murja matar Yaya ta hana yara leƙawa. Ni ma a bakin ƙofa nake ajiye kwano in gudu. Ubana fa. Allah Ka yafe mini.

Asabar, 12 ga Yuli
Yaya na son kai shi wani ƙauye wajen mai magani. An ce da bulala yake fitar da iska. Jikin nan ba zai ɗauka ba. Na kasa musa masa.

Lahadi, 13 ga Yuli
Baba Damian mai kayan gyaran mota ya biyo dubiya daga coci. Yana zama Babanmu ya soma rerawar. Na ce shi ke nan, mun tozarta. Sai ga Baba Damian yana dariya da hawaye.
"Rahama, 'yata, ai rege ne, waƙar 'yan Jamaika!"
Wai lokacin da Babanmu ke jan babbar mota, ana ce masa Kabo, shi yana binsa Kano saro kaya, kaset ɗaya suke sawa har ya tsinke, su liƙe. Duk direban tashar Daura sai da ya mallake shi, ko bai jin kalma ɗaya. Ya nemo a wayarsa, ya kunna. Hannun hagun Baba ya kama dukan katifa, daidai da gangar.
Yaya ya ce, "Baban da ba ya rasa sahun gaba?"
"Kabo ma ya yi samartaka, ɗana."

Alhamis, 17 ga Yuli
Yaya bai sake zancen tafiya ba, bai kuma ce ya fasa ba. In na ji mota ta tsaya a waje sai na je na leƙa.

Talata, 22 ga Yuli
Cikin waƙoƙin kaset ɗin da nake kunna masa a waya, ta uku ya fi so, mai nauyin ganga. Yau a ɗakinsa na ci tuwona. Ɗakin ya fi sanyi ne kawai.