Babura Uku a Ƙofar Baba Haruna

Daren Laraba, Kankara

Yau kwamitinmu na sa-kai kan lafiyar ƙwaƙwalwa ya je Pauwa roƙon Baba Haruna ya cire wa ɗansa Sani mari, mu kai shi asibiti. Tun da 'yan bindiga suka sako Sani, ƙarar babur ke firgita shi. Na ce mu ajiye baburanmu a bakin gari, Alhaji shugabanmu ya ce kwamiti ba ya shiga gari da ƙafa. Girman banza.

Da muka isa ƙofar gidan, kafin mu kashe inji, Sani ya fizgi sarƙar marin har idon sawunsa ya yi jini.

Baba ya dube mu ya ce, "Malamai, ku ne masu maganin?"

A gabanmu ya ƙara wa sarƙar kwaɗo na biyu.