Ranar da Baba Ya Yarda da Koren Rini

Narayi, Kaduna.

Zuwa ga Yaya Haruna,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kana lafiya tare da iyali, da fatan ruwan Fatakwal bai hana ku sakewa ba. Allah ya ƙara maka ƙarfi a wurin aiki. Mu nan muna godiya. Mama ta koma ƙungiyar zumuntar mata, ƙanenka Gideon kuma ya samu aikin walda a wajen Rido.

Na zauna rubuta maka ne domin a waya ba ka samun labari cikakke. An yi wa Baba tiyatar cire matsarmama a Abuja, ya dawo gida, yana cin tuwo. Amma saura kaɗan a fasa. Likita ya ce kumburin ya daɗe, hanyoyin da ruwan matsarmama ke bi sun manne da nama, sai an yi masa allurar wani koren rini domin a gan su, kada wuƙa ta taɓa inda bai kamata ba. Da Baba ya ji kalmar rini sai ya nemi takalmansa. Ka san shekarun da ya yi a sashen rini na masaƙa, da abokansa da ya binne, waɗanda har yau ya yi imani sinadari ne ya cinye su. Ya ce abin da ya ƙi fita daga farcensa ba zai bari a zuba masa a jini ba. Na roƙe shi, Mama ta yi kuka, bai motsa ba.

Precious, matar Gideon, ita ce ta cece mu. Ta ɗauki hutu daga aikinta na nas ta biyo mu. Ba ta yi masa gardama ba. Ta zauna kusa da gadonsa, ta sa ya ba ta labarin abokan nan ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu. Sai da ya gama ta ce tsoronsa gaskiya ne, amma wannan rinin ba ya kama nama. Ta ce jini zai kai shi hanta, hanta ta tsince shi, ta zuba shi cikin ruwan matsarmama, ya gangara hanji, ya fita da bayan gida. A kan hanyarsa ne zai haskaka wa likita a kyamara. Baba ya tambaye ta ko za ta yarda a yi wa mahaifinta. Ta ce ai mahaifinta ne ke kwance a gabanta. Sai ya miƙa hannu a yi masa allurar.

Bayan aikin likita ya nuna mana hoton. Yaya, wasu siraran hanyoyi ne suna haske kore shar a cikin duhu, ban taɓa ganin irinsu ba. Baba ya daɗe yana kallo, ya ce ashe shekara saba'in yana ɗauke da ma'aikaciya irin hantar nan bai taɓa gode mata ba.

Na san ba ka so auren Gideon da ita ba, kuma tun bikin ba ku yi magana ba. Ba zan ce maka komai a kai ba. Lambar wayarta dai tana wurin matarka, Anti Martha. Har yanzu Precious ce ke wanke wa Baba ciwon kafin ta tafi aiki.

Ka gaishe mini da Anti Martha, da Tagwai, da ƙaramar Esther. Mama da Baba suna sa muku albarka.

Ƙanwarka,
Jemimah.